Injiniya Muntaka da Lambun Bakin Kwata

A Batsari idan ka tambayi gidan Muntaka, sai an tambaye ka wane Muntakan. Amma ka ce Injiniya, kowa zai nuna maka ƙofar yana danne dariya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shekaru ashirin da suka wuce, lokacin da ake gyaran hanyar Safana, an ɗauke shi riƙon bakin igiyar awo, aka sallame shi a sati na uku saboda ya dami masu awon da gyara. Ya dawo gida da hular kwano rawaya, kuma tun daga ranar babu abin da aka gina ko aka rushe a garin da bai ce da shawararsa aka yi ba.

Shekarar da abin nan ya faru shekara ce mai wuya. Gonarsu ta wajen Ruma ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, sai wani ɗan fili a bayan gari da matarsa Zuwairatu ta gada, nan suka shuka masara. Takin zamani kuwa ya yi tsadar da talaka sai dai ya gaishe shi daga nesa. Zuwairatu ta sayar da tunkiyarta guda ɗaya tilo ta sayi buhun takin kamfa, ta jingine shi a ƙuryar ɗaki, ta lulluɓe da tsohon zane. Abincin gidan na bana yana cikin buhun nan, ba ta kuma ɓoye wa mijinta ba.

"Malam, ka buɗe rediyo ka kashe ta, na yi shiru. Ka taɓa keken ɗinkina, na bar ka da Allah. Wanga buhu ko kallonsa kada ka yi, sai an gama noman farko mu kai shi gona."

"Haba Zuwaira! Ni da na yi hanyar Safana, buhu ɗaya zai tsone min ido?"

To, a ƙarshen unguwarsu akwai kududdufi, inda duk ruwan kwatocin unguwar yake taruwa da damina. A shekarun baya ana wanki a bakinsa, shanu na sha, ana ma kama tarwaɗa. Bana sai ya koma kore shar da gansakuka, yana wari, kifaye suna tasowa ciki a sama. Ana cikin haka wata malamar jami'a mai suna Kamila ta zo da mota da kwalabe, mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa.

Malama Kamila ta yi bayani da Hausa tsantsa. Ta ce ruwan sama idan ya wanke gari yana kwaso ruwan sabulu, da kashin dabbobi, da ragowar taki, kuma a cikinsu akwai wani sinadari da ake kira fosfaras. Shi ne abincin gansakuka. Idan ya yi yawa sai ta rufe ruwa ta shaƙe kifi. Maganinsa, a haƙa rami a bakin babbar kwata, a shimfiɗa tsakuwa, a zuba yashi da jar ƙasa, a dasa ciyawar jema a kai. Ruwa zai bi ta ciki, ƙasa da saiwoyi su riƙe sinadarin, ya fita ta bututu ya shiga kududdufi da sauƙinsa.

Duk jimlar da ta faɗa, sai Muntaka ya miƙe ya gyara hular kwano ya ce, "Abin da Malama take nufi shi ne..." ya maimaita maganar da kuskure biyu a ciki.

Gambo mahauci, wanda rumfarsa take daf da kwatar, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa da Muntaka ba su yi musu ba, ya ce, "Kai Injiniya, Hausa take yi fa. Wa ya nemi tafinta?"

"Hausar ilimi ce. Irinku sai an sassauta muku."

"To sassauta muna, mi ne ne fosfaras?"

"Wani ƙarfe ne. Mun sha tono shi a hanyar Safana."

Suna cikin wannan cacar bakin ne Malama Kamila ta faɗi maganar da ta fi kowace muhimmanci. Ta ce lambun ba ya son gata. Kada a zuba masa komai, kada a dasa masa komai, a dai riƙa cire leda daga bakin kwata. Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya da yake rantse wa Gambo cewa ya taɓa riƙe fosfaras da hannunsa.

Aka yi gayya kwana uku aka gama lambun. Muntaka bai ɗaga ko tsakuwa ɗaya ba, amma muryarsa ta dishe saboda ba da umarni. Da aka nemi mai kula da wurin, aka ce babu ko sisi a ciki, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Muntaka ya ɗaga hannu biyu. Malama ta ce an yi irinsa ɗaya a Safana, kuma bayan wata guda za ta dawo da manyan ƙaramar hukuma a auna ruwan a gaban jama'a.

Washegari aka wayi gari da allo a kafe a bakin lambun, an rubuta da jan fenti: INJINIYA MUNTAKA, BABBAN DARAKTA.

Ruwan farko da aka yi bayan dashen, Darakta ya zo da lema ya tsaya yana kallo. Sai ga ruwan kwata baƙi ƙirin, da kumfar sabulu da kashin awaki, ya malalo ya kwanta a kan ciyawarsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wannan ai wulaƙanci ne! Lambun gwamnati guda, a sakar mishi ƙazanta?"

Sule mai wanki ya ce, "Injiniya, ai don ƙazantar aka yi shi."

"Kai wanki ka sani. Ka taɓa ganin an yi sabon ɗaki an ɗaure jaki a ciki?"

Ya kwana biyu yana cika tsofaffin buhuna da ƙasa, ya toshe bakin kwatar tam. Ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa. Ruwan kwata ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa, sai ya juya ya nemi maƙwabta. Ya fara da rumfar Gambo. Ya kashe wutar tsire, ya ɗauki faranti da ƙuli-ƙuli da benci, Gambo ya bi su a guje da wuƙa a hannu yana kiran sunan Muntaka har da na kakansa. Daga nan ruwa ya kwashe takalman masu sallah a ƙofar masallaci, ya bi lungu ya shiga gidan Darakta da kansa.

Muntaka ya faɗo gida wando a naɗe, ya tarar da Zuwairatu tsaye a tsakar ɗaki, ruwa har ƙwauri, buhun kamfa a kanta. Tabarma ta tafi, tukunya tana yawo, ita ko kallonsu ba ta yi ba.

"Zuwaira, kawo in taya ki."

"Matsa can! Gara ruwa ya ci ni da shi."

Mai unguwa ya sa aka buɗe kwatar a ranar. Muntaka ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa gwaji ya yi, don ya ga ƙarfin ruwan, kuma ya gani.

Bayan kwana biyu wani tunanin ya zo masa. A shekarar da mutane ke auna tuwo da ido, a ce fili mai danshi ya zauna da ciyawar da ba a ci? Ya dasa tumatir da kuɓewa da yakuwa a tsakanin jemar. Awakin unguwa, waɗanda ba su taɓa kula jema ba, suka samu labari. Ya tashi ya sare ƙaya ya kewaye lambun, yana ciki yana jerawa, yana yi wa masu wucewa bayanin yadda ake shinge a ƙasashen waje. Sai da ya ɗora reshen ƙarshe ya lura bai bar ƙofa ba.

Gambo ya jawo sabon bencinsa ya zauna. "Darakta, an tashi daga ofis ko da saura?"

"Ina duba aiki ne daga ciki."

"To duba da kyau. In an kira magariba sai mu yi maka taka sallar."

Sai da ya ji kiran sallah ya rufe ido ya tsallako. Rabin babbar rigarsa ya zauna a kan ƙaya, awaki kuwa suka shiga ta gurbin da ya buɗe suka gama da kuɓewar.

Duk wannan bai karya masa gwiwa ba. Abin da ya hana shi sukuni ita ce jemar kanta. Sati biyu da dashe, tana nan siririya, rawaya-rawaya, kamar gemun ɗan akuya. Ran nan Gambo ya dawo daga sayen dabbobi a Safana, ya zauna yana goge wuƙa, ya ce a cikin iska:

"Na ga lambun mutanen Safana. Kai, ciyawa har ƙugu! Kuma wata tsohuwa ce ke kula da shi, Asama'u, ko hula ba ta da ita."

Gambo ko hanyar lambun bai bi ba, sunan tsohuwar kawai ya jiyo, sauran ƙarya ce ya shirga don ya ga idon Muntaka. Ya kuwa gani. A ce Safana ta fi Batsari, a gaban manya, kuma tsohuwa ta kayar da Injiniya! Muntaka ya tsaya ya ƙura wa ciyawar ido, sai ya buga cinya. Shi ɗan manoma ne jikan manoma, ya san ciwon shuka idan ta yi rawaya. Yunwa ce. Malama da duk karatunta ta manta da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, wato ba a shuka a hana taki.

Aka yi dace, ko kuma rashin dace, ƙanwar Zuwairatu ta haihu a Wagini, ta hau babur ta tafi suna na kwana uku. Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba Muntaka ya ɗaga tsohon zanen nan.

"Mudu ɗaya kawai," ya ce wa buhun. "Ba wanda zai sani."

Ya farke bakin a hankali, ya ɗebi mudu, ya mayar da mudun yashi, ya ɗinke. Ya barbaɗa a lambu da rana tsaka, yana gaya wa Sule mai wanki cewa wani sinadari ne na musamman da aka aiko masa daga Kaduna. Aka yi yayyafi. Washegari ya ga kamar ciyawar ta ɗan ɗago kai, sai ya ƙara mudu uku. A rana ta uku ya zauna ya yi nazari irin na injiniyoyi: idan mudu huɗu sun kai ta gwiwa, buhu zai kai ta wuya. Kafin Zuwairatu ta sauka daga babur, buhun yana nan a ƙuryarsa, a cike, a ɗinke, a lulluɓe, babu ƙwayar taki ko ɗaya a cikinsa.

Ta shigo ta ɗaga zanen, ta daddanna buhun, ta yi hamdala. Muntaka ya kau da kai, don ya san tunkiyar da aka sayar, ya san yadda ta yi kiwonta. Amma ya lallashi kansa da cewa idan manya suka ga aikinsa, buhu goma za su ba shi, har ya ƙara mata da rago.

Jema kuwa ta samu abin da ba ta taɓa mafarki ba. Ta yi kore har tana baƙi, ta wuce gwiwa ta doshi ƙugu. Mutane suka fara tsayawa kallo. Shi kansa Gambo ya yi shiru kwana biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Kududdufin ne dai ya ƙara kauri, har kaza ta taka gansakukar ta yi taku uku kafin ta nutse, aka ciro ta da kwando. Muntaka ya ce ciwo ne yake fita, haka magani mai kyau yake yi.

Ranar awo ta zo, an kuma yi ruwa da safe, bututu yana zuba. Aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Wakilin ƙaramar hukuma ya zauna kusa da mai unguwa, aka ba tsohuwa Asama'u ta Safana kujera a gefe. Muntaka ya sha ɗinkakkiyar riga da hular kwano. A daidai lokacin Zuwairatu ta ari jaki ta ɗora buhunta ta nufi gona, don an gama noman farko, ta ce ita ba ta da lokacin biki.

Malama Kamila ta sauko daga mota, ta ga ciyawar, ta tsaya cak.

"Baba, a wata ɗaya ta yi haka?"

"Hannu ne, 'yata. Wani hannun ko dutse ya dasa sai ya yi ganye."

Ba a ba shi lasifika ba, shi ya ɗauka. Ya yi bayanin hanyar Safana tun daga farko. Ya yi wa Hajiya Asama'u ta'aziyyar kayen da za ta sha. Sannan ya ce don a san ruwansa ya fi na leda tsabta, zai sha a gaban kowa. Malama ta ce, "Baba, ba na sha ba ne!" amma ina, ya riga ya tara kofi a bututu ya kafa kai. Ya haɗiye. Idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa suka motsa, hular kwano ta zamo ta rufe masa gira.

Gambo ya ce, "Yaya, Darakta?"

"Garɗi," in ji Muntaka da wata murya da ba tasa ba.

Malama ta ɗebi ruwa a kwalabe biyu, ɗaya daga bakin kwata inda yake shiga, ɗaya daga bututu inda yake fita. Ta ce za ta ɗiga magani a kowace, kuma gwargwadon yawan sinadarin, gwargwadon yadda ruwan zai yi shuɗi. Ta ɗiga a ta kwata, ruwan ya yi shuɗi kaɗan. Ta ɗiga a ta bututu. Kafin ta girgiza, kwalbar ta koma kamar an tsoma ta a marina.

Muntaka ya yi tsalle ya fizge kwalbar ya ɗaga sama. "Jama'a kun gani da idonku! Wanne ya fi kala? Safana ta taɓa yin irin wannan?"

Wasu suka fara tafi. Malama ta karɓe kwalbar, ta sake gwadawa da sabuwa, ta sake samun abu ɗaya. Ta cire tabarau ta goge.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga lalacewa nesa ba kusa ba. Da babu lambun ma da kududdufin ya fi samun sauƙi. Na Safana ciyawarsa ko gwiwa ba ta kai ba, amma ruwansa ya yi kyau. Hajiya, me kike yi masa?"

Tsohuwa Asama'u ta ce, "Ni? Leda nake cirewa in koma gida."

"Baba, kai me ka zuba a nan?"

"Ni? Addu'a kawai."

Sule mai wanki ya ce, "Da sinadarin Kaduna."

Ana cikin haka sai aka ji kukan jaki. Jama'a suka dare. Ga Zuwairatu tana tafe, ba ta sauri, ba ta kuma kallon kowa, buhu a kan jaki baki a buɗe. Ta tsaya a gaban manya ta gaishe su da ladabi, ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi wakilin ƙaramar hukuma iyali. Sannan ta tura buhun ya faɗo. Yashi ya zube a kan takalman mijinta.

"Malam, na je gona na buɗe tunkiyata, na tarar ta zama rairayi. Kai ne mai ilimi, yi min bayani."

Lasifikar tana hannunsa a kunne, don haka har bakin kasuwa an ji yadda ya haɗiyi yawu.

"Zuwaira, aro na yi. Aikin ƙasa ne."

"Masarata fa, a sama take?"

Malama Kamila ta ɗaga buhun ta karkaɗe, ta duba rubutun jikinsa, ta dafe kai. "Baba, abin da muka haƙa ramin nan don mu cire daga ruwa, shi ne a cikin takin nan. Mu muna tsince shi da cokali, kai ka zuba buhu guda."

Gambo ya faɗo daga benci. Dariya ta hana shi numfashi, sai nuna Muntaka yake yana cewa, "Ƙarfe ne! Sun sha tono shi a hanyar Safana!" Wakilin ƙaramar hukuma ya rufe fuska da takardar jawabinsa, kafaɗunsa suna rawa. Zuwairatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Idonta ya cika, don ita masara take gani tana rawaya da watannin da ke gaba.

Mai unguwa ya tsawatar, ya tambayi Malama abin yi. Ta ce babu gyara sai an kwashe ƙasar lambun gaba ɗaya an zuba sabuwa, domin ta ƙoshi da taki, kuma a kai ta nesa da kududdufi.

Zuwairatu ta goge ido da bakin mayafi. "Malama, kin ce ƙasar ta ƙoshi da taki?"

"Sosai. Wani ya bi ruwa, amma mai yawa yana nan a ciki."

"In an zuba ta a gindin masara fa?"

"Za ta ji daɗinta kuwa."

"To ranka ya daɗe, ga wurin zubarwa, gonata. Ga kuma buhu."

Mai unguwa ya ce hukunci ya yi, saura mai ɗauka. Muntaka ya waiga wajen jaki, sai mai jakin, da yake cikin taron, ya ce dabbarsa ta gaji, yau ta ga abin da ya ishe ta. Ya waiga wajen jama'a, kowa ya tuna da uzurinsa na ranar farko.

Kwana huɗu Babban Darakta yana jigilar ƙasa a ka, daga bakin kwata zuwa bayan gari, ta gaban rumfar Gambo, cikinsa kuma yana ƙugi da garɗin da ya sha. Duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce daga ƙarƙashin buhu, "Mataki na biyu ne na aikin. Dama haka na tsara." Zuwairatu tana biye da shi da fartanya, tana nuna masa gindin da zai zuba.

A sawu na ƙarshe ta tuge allon nan ta kai gona, ta kafe shi a tsakiyar masara, ta rataya masa yagaggiyar rigar da ƙaya ta ci, ta kifa masa hular kwano. Masara ta farfaɗo, ba kamar yadda buhu cikakke zai yi mata ba, amma ta kai su kaka. Tsuntsu ko ɗaya bai sauka a gonar ba.

Gambo ya je ya gani da idonsa, ya cire hula ya gaishe da allon. Ya ce tun da aka naɗa Darakta, yanzu ne kawai ya tsaya wuri ɗaya, ya yi shiru, aiki kuma ya yi kyau.